Neman suna: hular saƙa mai ƙaho ta ƴar tsana

Mai saƙa, Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Na saƙa wa ɗan nunus, wannan ƴar tsanar mai laushi mai siffar dabba da ake cusa wa auduga, wata hula da kuroshe, wato ƙarfen saƙa mai lanƙwasasshen baki: zare mai ruwan toka, baki mai ruwan ƙasa, ga farin ƙaho biyu a gefe. Masu Faransanci casque à cornes suke ce mata, ko casque viking. Ina so in ɗora hotonta a WhatsApp ko za ta yi kasuwa, amma yawancin masu duba min kaya ba su jin Faransanci. In kuma na ce hula kawai, sai a zaci ta sanyi ce ta jarirai. Me zan kira ta da Hausa?

Ɗan kabu-kabu, Zango:
Hajiya, kaske ce mana. Kaske mai ƙaho. Yaro ma ya san kaske a garin nan.

Ɗan kasuwa mai zuwa Kano:
Kaske iyakarta kan iyaka. Kina wuce Maimujiya babu mai gane ki, can hular kwano suke cewa. In har kina son kayanki su kai Daura da Kano, ki rubuta hular kwano mai ƙaho.

Mai saƙa, Sabon Gari:
Alhaji, kwanon ne ya tsaya min. Wanda ya ji hular kwano zai sa ran abu mai tauri, ni kuwa tawa a tafin hannu ake dunƙule ta. To ko in ce hular Bikin?

Ɗan kabu-kabu, Zango:
Bikin wa? Aure ko suna?

Malamin tarihi a lise:
Ɗan kabu-kabu ya riga ya kashe wannan sunan, kuma da gaskiyarsa. In aka faɗi viking da lafazin Faransanci, a kunnen Bahaushe biki ne ya fito, mai ji kuma jira zai yi a ƙarasa masa magana. Amma ko ba don haka ba, sunan bai dace ba, domin mutanen da ake jingina wa hular, wato Viking, ba su sa ta ba.

Su waɗannan mayaƙan ruwa na Norwe da Danmak da Suwidin, zamaninsu ana lissafa shi daga harin da suka kai Lindisfarne a Ingila a 793 zuwa wajen 1066. Hularsu ta yaƙi da aka fi sani ita ce wadda aka tono a wata gona mai suna Gjermundbu a Norwe a 1943. Ta ƙarfe ce, mai kan ƙwarya, da abin kare idanu a gaba, babu ƙaho ko ɗaya. Akwai dai huluna biyu na tagulla masu dogayen ƙahoni da aka samo a Veksø ta Danmak a 1942, sai dai su an yi su tun wajen shekara 900 kafin haihuwar Annabi Isa, wato sun girmi waɗancan mayaƙa da kusan shekara 1,700. Hoton nan da ya cika duniya na ƙato mai gemu da ƙaho a ka, masu zane da masu wasan kwaikwayo na ƙarni na 19 ne suka yaɗa shi, musamman tufafin da Carl Emil Doepler ya tsara wa wani babban wasan waƙa da aka yi a Bayreuth ta Jamus a 1876. Ko a hankalce ma, wa zai shiga fagen fama da abin da takobin abokin gaba zai maƙale a ciki ya fizge masa kai?

Saboda haka abin da kika saƙa kayan wasa ne tun asalinsa. Mu Damagarawa ba baƙon abu ba ne a gare mu, masu wasan kara ai shigar manya suke kwaikwaya da abin da hannu ya samu.

Kalmar da nake ba da shawara tana nan a gida, ba sai an ƙirƙiro ba: kwalkwali. Shi ne hular yaƙin barade. Kwalkwali mai ƙaho.

Dattijo, Birni:
Malam, a yi a hankali. Kwalkwali ba abin wasan yara ba ne. Na ƴan lifidi ne, masu tafiya kusa da Sarki ranar hawan salla, gadon dakarun Damagaram tun zamanin su Sarki Tanimu wanda ya kewaye Birni da ganuwa. Kuma gashin jimina ake tsira masa a bisa, ban taɓa ganin mai ƙaho ba. Ƙaho a garin nan na mahauta ne ranar hawan ƙaho, sai na busa, sai na wanzami.

Ɗan kabu-kabu, Zango:
To ashe hular ƙaho ma ba za ta yiwu ba. Wani zai ɗauka ta masu ciwon kai ce bayan wanzami ya gama da su.

Malamin tarihi a lise:
Baba, Allah ya ƙara girma, ban ce a rage wa kwalkwali daraja ba. Yaro na yin dokin kara, bai hana dokin Sarki zama doki ba. Shi ya sa ma aka ƙara "mai ƙaho", don a nuna wannan daban ne da wanda aka sani. Sannan ku duba lifidin da kuka ambata: tufa ce aka cusa wa auduga aka ɗinke. Cikin duk kalmomin da aka kawo, kwalkwali ne kaɗai ya fito daga gidan da kayan yaƙi ke iya zama masu laushi. Kaske da hular kwano duk tauri suke kira.

Dattijo, Birni:
Wannan ta lifidi ka kama ni. Amma a sa saƙa a ciki, kada wani ya zo Birni yana neman sa wajen masu kayan doki.

Ɗaliba, jami'ar Zinder:
Tun da ana gyara, ita ma kuroshe ɗin a cire ta. Asalin kalmar a Faransanci ƙaramar ƙugiya take nufi. Me zai hana mu ce saƙar ƙugiya? Su kuma ƴan tsanan da ake saƙawa a cusa musu auduga, a intanet amigurumi ake ce musu, kalmar Japan ce da ta haɗa saƙa da ƴar tsana. Ita ma tana neman suna.

Gwaggo mai koyar da saƙa, Garin Malam:
Ɗiyata, je kasuwar Dole ki ce a ba ki ƙugiya, ki ga abin da za a miƙo miki. Ko ta kamun kifi, ko ta ciro guga daga rijiya. Kuroshe ta daɗe da zama ƴar gida. Mu nan mu ce kuroshe, ƴan uwanmu na Kano su ce kwarashi, kowa na gane kowa. Kalmar da mata suka riga suka tauna ta yi laushi a baki, ba a kore ta don wai an gano kakanta Bature ne. In haka ne sai a kori lakwal da mota su ma.

Inda muke da buƙata shi ne rarrabewa, don saƙa a Hausa ta yi yawa. Masaƙi da ke zaune da ƙoshiya saƙa yake, mai tabarma saƙa take, mai faifai ma haka. A zare kuwa iri biyu ne. Akwai ta allura biyu, wadda idanu da yawa, wato madaukan zaren, ke jere a kan allurar, in ɗaya ya zame sai ya warware har ƙasa. Akwai ta kuroshe, ƙarfe ɗaya, ido ɗaya tak a kansa, ki gama da shi kafin ki kama na gaba. Wannan ce ke ba ki damar zagayawa ki fitar da siffar ƙwarya ba tare da ɗinki ba. Hular nan da ido 6 ake fara ta a ɗan zobe, zagaye na biyu 12, na uku 18, na huɗu 24, ana ƙara shida-shida har faɗin ya kai kan ƴar tsanar. Daga nan ki daina ƙari, ki ci gaba da zagayawa, da kanta za ta lanƙwaso ta zama hula. To a ce saƙar kuroshe da saƙar allura, an rabu lafiya.

Amigurumi kuwa, ni ban ga wahalar ba. Ƴar tsanar saƙa. Kalma uku, ko kakata da ba ta taɓa ganin waya ba za ta san abin da ake nufi.

Ɗaliba, jami'ar Zinder:
Na janye ƙugiya, Gwaggo. Amma ƴar tsana ai mai siffar mutum ce. Nunus kuma dabba.

Gwaggo mai koyar da saƙa, Garin Malam:
In zomo ne ki ce zomon saƙa, in rago ne ragon saƙa. Ƴar tsanar saƙa sunan dangin ne gaba ɗaya.

Mai saƙa, Sabon Gari:
Na gode ƙwarai. Ga abin da zan rubuta: kwalkwalin saƙa mai ƙaho, na ƴar tsana, aikin kuroshe. Na sa saƙar kamar yadda Baba ya ce. Alhaji, in ka kai hoton Kano ka mayar da kuroshe kwarashi da bakinka. Gwaggo, saura abu ɗaya: ƙahonin langaɓewa suke yi, ɗaya na kallon gabas ɗaya na kallon ƙasa.

Gwaggo mai koyar da saƙa, Garin Malam:
Saƙar ce ta yi sako-sako. Ɗauki kuroshe da ya fi wanda kika yi hular da shi ƙanƙanta, ki matse hannu don kada audugar ta leƙo. Fara daga tsini da ido 4, ki riƙa yin ƙarin a gefe ɗaya kawai, shi zai ba shi lanƙwasa irin ta ƙahon sa. Ki cusa masa auduga sosai, musamman gindin, sannan ki ɗinke shi zagaye biyu a jikin hular. Kada ki sa waya a ciki don ya tsaya, yaro baki yake kai komai.