Wane littafi za a ba yaro a dogon hutu?

Ta Hanwa: Assalamu alaikum, 'yan gida. An ba ɗanku hutu, sai Satumba za su koma, aji shida zai shiga. Tun da aka rufe makaranta, in ba wayata ce a hannunsa ba, to yana waje yana buga ƙwallo cikin taɓo. Na shiga Sabon Gari na sayo masa littafin labari na Turanci mai kauri, ya karanta shafi biyu ya ajiye. Yanzu ƙanwarsa ce ke ɗora kwanon abinci a kai. Wanne zan ba shi da zai zaunar da shi?

Kawu: Wa alaikumus salam. Ke ma da neman magana. Kina Zariya kina tambayar littafi? Ki ba shi Magana Jari Ce na ɗaya. Babu yaron Bahaushe da zai buɗe shi ya iya ajiyewa, jiya ko yau. Na faɗa, kuma ina kan bakana.

Auta: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma wannan "babu yaron" ɗin ta yi faɗi. Littafin da ya fito a 1937 fa. Yaron da ya tashi da katun a waya za a ce ya zauna wa labarin sarki da waziri da aku?

Kawu: Kai da kake jami'a ma ba ka san me ka taka ba. A nan garin aka rubuta shi. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya shiga gasar rubuta littafi da Baturen nan Rupert East ya shirya a 1933, ya rubuta Ruwan Bagaja yana ɗan shekara 22. Ganin alƙalaminsa ya sa aka kira shi Zariya ya yi littafin da yaran makaranta za su riƙa karantawa. Ka ji? Don yara aka yi shi tun asali, ba don tsofaffi irina ba. Daga baya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. Kullum kana wuce wurin a keke napep, kanka na cikin waya.

Auta: Tarihi na karɓa, Kawu. Amma don yaran 1937 aka yi shi, su da babu rediyo a gidajensu balle talabijin.

Yaya: Ni duk kun bar hanya. Yaro zai zauna jarrabawar shiga sakandare baɗi, da Turanci za a yi masa tambayoyin. Hausa yana jin ta a gida, a kasuwa, a Islamiyya. Me zai ƙaru da shi? A mayar masa da wanda aka sayo, shafi biyar kullum bayan azahar, ya zo ya faɗi abin da ya karanta. In bai yi ba, babu ƙwallo. Kuɗi aka sa.

Ta Hanwa: Yaya, na gwada hakan kwana biyu. Zai zauna ne ya zuba wa shafi ido kamar an aiko masa da sammaci.

Malama: Ku ba ni dama in sa baki, tunda irinsu nake fama da su kullum. Yaya, ka yi haƙuri, abin da ka tsara horo ne, kuma yaro ya san horo ko da an sa masa riga. Ranar da aka daina tsaronsa, ranar zai daina karatun. Kawu, kai ma akwai inda zan ja da kai. Yawancin yaran makarantun kuɗi suna jin Hausa rangaɗaɗau amma ba su iya karanta ta ba. Ba a koya musu ƙ da ɗ da ɓ ba, "ts" ma tuntuɓe suke yi a kanta. Ga shi rubutunmu ba ya nuna tsayin wasali ko hawa da saukar murya. "Fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama duk rubutu ɗaya ne, sai mai karatu ya gane daga zancen. Babba ba ya ma lura yana yin wannan aikin, amma yaro ɗan shekara 11 da bai taɓa karanta shafi guda na Hausa ba zai gaji a layi na biyar, ya ce littafin ba daɗi. Alhali ba littafin ba ne.

Ga abin da nake yi a aji, ko da wane harshe ne. In buɗe tsakiyar littafi in ce yaro ya karanta shafi ɗaya a bayyane, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwashe yatsa. In hannu ya dunƙule kafin shafi ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, a ajiye masa sai gaba. Maman yara, ki gwada da wanda kika sayo.

Ta Hanwa: Na gwada yanzun nan. Kafin rabin shafi ya ara yatsun ɗaya hannun. Kunya ma ta kama ni, don kaurin littafin na duba na saya, da hoton bangon.

Yaya: To ai wannan hujjata ce. Turancinsa ba ƙarfi, sai a ƙara masa Turanci.

Malama: A ƙara masa, amma daidai bakinsa. Siriri, mai hotuna, babi gajeru, wanda zai gama cikin kwana biyu ya ji shi ma ya kai ƙarshen wani abu. Yaron da bai taɓa gama littafi ba, bai san akwai wani daɗi a can ba.

Auta: Kuma ga tsofaffin kalmomi. Sulke, kwalkwali, lifidi, zagi. Ga sule da sisi da taro, kuɗin da aka daina kashewa tun zuwan naira a 1973. Ni kaina sai na tsaya na yi tunani.

Kawu: Wannan kuma abin kunyarka ne, ba na littafi ba. Yaron da ake ɗorawa a kafaɗa ya kalli Hawan Daushe a ƙofar fada, ya ga 'yan lifidi da idonsa, a ce kalmar ta fi ƙarfinsa? Sunan abin ne kawai ba a gaya masa ba. In bai ji a littafi ba, a bakin wa zai ji, tunda ku iyayen nasa kun mayar da zancenku rabi da rabi?

Auta: Na ji wannan, ta shige ni. Amma a bar yaro ya zaɓa mana. A kai shi shago, a jera masa guda huɗu ko biyar, ya karanta farkon kowanne, ya ɗauki wanda ransa ya kwanta da shi. In na ƙwallo ne ko na jirgin sama, shi ke nan.

Yaya: A bar yaro ya zaɓa? Haka aka bar Maman yara ta zaɓa lokacin tana sakandare, muka riƙa tsintar littattafan soyayya na Kano a ƙarƙashin katifa.

Ta Hanwa: Yaya, don Allah a rufa asiri, akwai yara a zauren nan. Amma tunda ka tono, da su na iya karatun Hausa da sauri, ba da na aji ba.

Malama: Auta ai cewa ya yi a jera masa. Mai jerawa shi ya yi zaɓen farko. Kuma ko cikin tsofaffin ba duka zan miƙa wa ɗan aji shida ba. Jiki Magayi labarin ƙwacen mata ne da ramuwar gayya, ya jira sakandare. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da kyau ƙwarai, amma bauta ce da rabuwar uwa da ɗa, yana so a samu babba kusa da zai amsa tambayoyi. Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa faɗa ne da jarumta, yaran maza kan so shi. In yaronki mai son sararin sama ne, akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Sai dai ki duba bugu kafin ki biya. Na taɓa sayen wani a bakin titi, tawadar ta koɗe, shafuka takwas babu su a tsakiya.

Auta: Hajiya ta sa na karanta mata duk abin da kuka rubuta. Ta ce in rubuta mata wannan yadda ta faɗa: "Ku bar wahalar da maigidana. Wanne ne cikinku ya fara da littafi? Da gatanan gatananku na zaunar da ku a tsakar gida, in na kai inda Gizo ya shiga uku sai in ce barci nake ji, ku yi ta roƙona har gobe. Shi Kawun naku da yake cika baki, Baba ne ya riƙa karanta mana littafin nan da fitilar ƙwai bayan isha'i, ya rufe a inda ya fi daɗi ya sa a ƙarƙashin matashi. Kawun naku satar shi ya yi ya ƙarasa a zaure, har ya sha bulala."

Kawu: Yaya Hajiya, wannan tonon silili ne gaban 'ya'ya. Amma haka aka yi. Kuma ku lura, aikin akun ke nan a littafin. Musa ɗan sarki yana son fita, aku ya riƙa tsare shi da labari dare bayan dare har gari ya waye. Ba yaron da ke son ficewa waje ake nema a zaunar ba? To ga shi.

Auta: Kawu, ke nan ka yarda ba buɗewa ka yi da kanka ka kasa ajiyewa ba. Karanta maka aka yi tukuna.

Kawu: Ban janye komai ba. Gyara na yi.

Yaya: Ni dai har yanzu ban ga inda aku zai ba shi maki a jarrabawa ba. Amma zan sayo sirara guda biyu na Turanci ranar Asabar, Malama ta raka ni ta zaɓa.

Ta Hanwa: Ga labarin da ake ciki. Daren jiya da shekaranjiya na karanta musu daga kwafin da Kawu ya aiko, ana ruwa, babu wuta, da fitilar waya. Na tsaya a tsakiyar labari na ce makogwarona ya bushe. Shi ɗan naku bai ce komai ba, ya juya ya kwanta. Ƙanwarsa ce ta yi ta kuka sai an ƙarasa. Yau da safe na iske su a kan tabarma, yana karanta mata da ƙyar, yana cin tuntuɓe, tana gyara masa kalmomin da ta riga ta ji a bakina. Bai fi shafi ɗaya da rabi ya yi ba, abokansa suka kira shi ya fice ƙwallo.

Auta: To wa ya ci muhawarar ke nan?

Yaya: Shafi ɗaya da rabi. Allah ya sa albarka.

Kawu: Ba wannan ba. Na ji an ce tabarma, kuma na san yarinyar nan da kwanon abinci. A samo takardar siminti a yi wa littafina bango yau ɗin nan. Ya girmi ubansu.