An gayyace ni wasan tara wa mawaƙa kuɗin asibiti, ina neman shawara

Ɗan Tudun Wada:
Salam jama'a. An saka sunana cikin masu hawa siteji a wasan tunawa da wani tsohon makaɗin kalangu da ya rasu, kuɗin tikiti za a haɗa wa mawaƙan da ke kwance. Na je duba ɗaya a asibitin Barau Dikko da ke Kaduna, wallahi mutumin da ya cika gidajen biki ne, yanzu matarsa ke ƙirga canji a leda don sayen allura, kalangunsa ma an sayar. To waƙar marigayin zan yi ko tawa? Kuma in karɓi kuɗin mota?

Hajiyar Kawo:
Wa alaikumus salam ɗana. Yi ta marigayin, amma ka fara zuwa gaida iyalansa ka nemi izini, in akwai 'yan amshinsa da rai ka hau da su. Shata ya rasu tun 1999 amma har yau in aka saka shi a rediyo tsofaffi shiru suke yi, waƙar da suka sani ce za ta sa su liƙa.

Mai Fiyano:
Yallaɓai kuɗin mota kam bar musu, sai dai yaranka masu kiɗa ka sallame su daga aljihunka. Ni damuwata ina kuɗin zai shiga, mun taɓa yin irinsa aka ce haya da janareta sun cinye komai, ka nemi a buɗe akawun daban a karanta lissafi gaban kowa, kuma a yi wa wasu rajistar KADCHMA, wato inshorar lafiya ta jihar Kaduna, da kuɗin.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Hajiya, gobe bayan la'asar zan je gidan insha Allah.