Karen gadinmu gashi yake ta zubarwa, in aske shi da kilifa?

Baban Ummi, Malali:
Salamu alaikum jama'a. Bara da aka tsallako mana katanga har sau biyu, ƙanina ya kawo min kare irin na Jamus ɗin nan, Jaman Shefad, yara suka raɗa masa Damisa. Yanzu watansa goma sha huɗu. Tun da zafin Maris ya kama, gashi yake zubarwa kamar me. Maman Ummi sai ta share tsakar gida sau uku a yini, shekaranjiya har a kan shanyarta ta tsince shi, ranar kuwa na sha magana. Maigadinmu yana yi masa wanka da Omo duk Asabar, amma susar sai ƙaruwa take, ga kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu. Ni dai shawarar da na yanke, in ɗauko tsohuwar kilifata in yi masa tal-kwabo ya sha iska, kowa ya huta. Akwai matsala? In akwai, wane kaya zan saya? Akaifunsa ma sun yi zaƙo-zaƙo, yana tafiya kan tayil kana jin ƙas-ƙas.

Malam Na-Barnawa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah mayar da kilifar nan inda ka ɗauko ta. Na taɓa yi wa nawa, wata shida yana yawo kamar tsohuwar tabarma, nan gashi, can fili. Irin wannan kare gashinsa hawa biyu ne: na sama mai kauri da ke tare rana da ruwa, sai na ƙasa mai laushi kamar auduga. Na ƙasan ne kake gani a tsakar gida, shi yake saki idan zafi ya zo. Kare kuma ba ta fata yake gumi irin namu ba, da haki yake rage zafin jiki. Ka aske shi, rana ce kawai za ta samu fatar ta ƙona.

Abin da za ka nema a shagon kayan dabbobi guda biyu ne. Na farko matajin ƙarfe mai kama da ƙaramin manjagara, haƙoransa dogaye masu tazara. Ka goga bakinsu a bayan hannunka kafin ka biya, in ya karce ka, zai karce shi. Na biyu buroshi mai siraran wayoyi, na gamawa da kwashe ragowar. Ka fara daga wuya ka gangaro yadda gashin ya kwanta, ka daɗe a bayan kunne, ƙirji da cinyoyin baya, nan ne yake cuɗewa. Ranar farko za ka cika leda, kar ka tsorata. Kwata ɗin awa kullum da yamma har zubar ta lafa, daga nan sau biyu a mako ya isa. A bayan gida za ka yi, nesa da igiyar shanyar Hajiya.

Maman Joy, Sabon Tasha:
Baban Ummi, Omo ɗin nan shi ne rabin susar. Na wanki ne, yana kwashe maiƙon fata ya bar ta a bushe. Ku sayi shamfu na karnuka, wanka sau ɗaya a wata ya wadatar sai in ya yi birgima a kwata. A taje shi kafin a jiƙa, don gashin da ya cuɗe in ya sha ruwa ƙara ɗaurewa yake. A ɗauraye sosai, a goge da tawul har ciki, kar ruwa ya shiga kunne.

Abba Kawo:
Kaska dai a unguwarmu fiya-fiya ake ɗigawa a ruwan wanka, wasu baƙin mai suke shafawa. An ce tas take mutuwa.

Malam Na-Barnawa:
Abba, kaskar za ta mutu, karen ma zai iya bin ta. Fiya-fiya guba ce, fata na tsotsa, shi kuma yana lasar jikinsa. Haka baƙin mai da kalanzir.

Alhaji, ka samu matsefata. Ka kama kaskar daf da fata, ka ja a hankali a miƙe, kar ka murɗa kuma kar ka fashe ta da yatsa. Ka jefa a kwalba mai ɗan kalanzir. Amma wadda ka gani a jikinsa kaɗan ce. Leƙa tsagar bango da ƙasan katakon ɗakinsa da tocila, can take ɓuya ta zuba ƙwai dubbai. In ba a yi feshi an toshe tsagar da siminti ba, aikin baban giwa ne, ga damina tafe. Maganin kuma likitan dabbobi zai auna maka daidai nauyin karen, kar ka bi ma'aunin masu shanu. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi: in ya yi fari maimakon ja-ja, ko ya rage cin abinci, ciwon kaska ya shiga jini, kar ka kwana. In ka je ka tafi da katinsa a duba allurar haukan kare.

Akaifa kuwa akwai almakashinta na musamman, abin yanke farcen mutane tsaga ta yake. Akwai jijiya a ciki, a baƙar akaifa ba a ganinta, don haka ɗan bakin kawai za ka riƙa cirewa. In jini ya fito, danna garin sitaci a wurin.

Baban Ummi, Malali:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na samo manjagaran da buroshin jiya. Da farko ya ɗauka abin wasa ne, sai cafkar mariƙin yake, sai da maigadi ya riƙe masa wuya yana lallaɓa shi da ɗan ƙashi. Can sai ya baje a ƙasa ya lumshe ido. Leda ɗaya da rabi muka cika, kuma ɓari guda kawai muka yi magariba ta kama mu. Na haska ɗakin nasa kamar yadda Malam ya ce, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, sun yi layi a tsagar kamar cinnaku. Dasashin dai da sauran ja. Akaifar ban yi ƙarfin hali ba, Asabar zan kai shi likita ya yanke biyu a gabana in gani. Kilifar kuma Maman Ummi ta ce ko ban taɓa karen da ita ba, tunda na yi niyya, kar ta ƙara hawa kan yaranta.