Saura kwana 14 in fara aiki, barcina a juye yake: kwanan zaune zan yi ko magani zan saya?

Sabon Ma'aikaci:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allah Ya nufa na samu aiki, nan da kwana 14 zan fara, kuma ƙarfe 8 na safe ake sa hannu. To tun watan azumi barcina ya juye. Ba na runtsawa sai wajen ƙarfe 3 na dare, in tashi asuba da ƙyar, in koma sai 11. Ko na tashi sai in yi awa guda ina magagi, kai ya yi nauyi. Kofi ba na sha, sai dai shayi bayan isha'i da ɗan goro. Wani ya ce in yi kwanan zaune dare ɗaya, in wuni ban kwanta ba, barci zai dawo daidai. Wani ya ce in sayi maganin barci na mako guda. Wanne zan ɗauka?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam. Ka daina shan kofi kawai, kofi ne ke jawo wannan.

Nas ɗin Dare:
Ai ya ce ba ya shan kofi, Alhaji. Ƙanena, duk biyun kada ka ɗauka. Kwanan zaune gajiya yake tara maka, ba ya taɓa agogon da ke cikin jiki. Daren farko za ka faɗi kamar gawa ƙarfe 9, dare na biyu ko na uku ƙarfe 3 za ta sake same ka ido biyu, saboda jikinka har yanzu ya ɗauka a lokacin ne darensa ke farawa.

Abin da ke saita agogon nan hasken rana ne. Ka fara da lokacin tashi, ka bar lokacin kwanciya ya biyo baya, don mutum yana iya tilasta wa kansa tashi amma ba ya iya tilasta wa kansa barci. Gobe ka tashi 10:30, jibi 10, gata 9:30, kullum ka rage minti 30. Daga 11 zuwa 6:30 awa huɗu da rabi ne, wato kwana 9, ya rage maka kwana 5 na zaunar da shi. Da ka tashi, ka wanke fuska ka fita waje minti 20 zuwa 30, ko a inuwar ƙofar gida ce. Hasken waje ya ninka na ƙwan ɗaki sau gommai, zama a bakin taga ba ya maye gurbinsa. Asabar da Lahadi ma haka, ramuwar barci ta rana ɗaya tana iya rushe aikin kwanaki.

Magagin nan kuwa kowa yana yi, minti 15 zuwa 30 ba ciwo ba ne. Naka ya yi tsawo ne don barcin a yanke yake gida biyu, kuma kana tashi cikin ɗaki mai duhu ka ɗauki waya ka ci gaba da kwanciya.

Malamin Islamiyya:
Allah Ya sanya albarka a aikin. Ni ban ga dalilin jan abin har kwana tara ba. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yana ƙin barci kafin isha'i da hira bayanta, kuma ya zo a Abu Dawud da Tirmizi cewa ya roƙa wa al'ummarsa albarka a sammakonta. Daga gobe in ka sallame asuba kada ka koma shimfiɗa. Ka zauna a masallaci ka yi azkar har rana ta fito, ka taka a ƙasa zuwa gida, ka karya. Da rana ka yi ƙailula. Magabata da haka suka rayu.

Nas ɗin Dare:
Allah Ya gafarta Malam, inda kake so ya kai nan nake so ya kai, hanya ce ta bambanta. Mai tashi ƙarfe 11, a wajen jikinsa ƙarfe 6:30 tsakiyar dare ce. Haske mai ƙarfi a irin wannan lokacin yana iya tura agogon baya maimakon ya jawo shi gaba, domin jiki yana karanta shi a matsayin yini ne bai ƙare ba. Sannan barcin awa biyu da rabi kacal zai samu, wajen azahar ya kife, ƙailular ta zama awa uku, dare ya sake lalacewa. Nan da kwana goma shawararka ita ce daidai. Ƙailula kuma minti 20, a sa ƙararrawa, kada ta wuce ƙarfe 3. In ta kai awa guda mutum ya nutsa cikin barci mai nauyi, tashinsa ya fi na safe wuya.

Ɗan Maraɗi:
Kowa ya tsallake shayin da goron. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi shi ne a shayi, shi ne a goro, shi ne a lemukan ƙara kuzari. Kusan awa 5 yake ɗauka kafin rabinsa ya bar jini. Wanda ya sha ƙarfe 9 na dare, ƙarfe 2 rabi na nan daram. In irin namu ne na ƙaramar buta da ake dafawa kan gawayi har zagaye uku, na farkon nan mai ɗaci shi ya fi ƙarfi, don ganye da yawa ne a ruwa kaɗan. Ka mayar da shayinka na safe, goro kada ya wuce azahar. Kwana biyu zuwa uku za ka ji ciwon kai, ba wani abu ba ne, zai wuce.

Ɗan Zazzau:
Ku duba masa wuya dai, kada a je ƙudan tsando ne ya cije shi muna ta lissafin minti 😂 In ba shi ba ne a yi masa aure, jariri zai saita masa agogo cikin sati ɗaya.

Mai Kemis:
In dai sai an sha wani abu, melatonin ya fi dacewa da irin wannan, don shi ba ya bugar da mutum, sanar da jiki yake yi cewa dare ya yi. Kuskuren mutane biyu ne: yawa da lokaci. Suna sayen mai miligiram 10 su haɗiya ƙarfe 2 na dare, su tashi jiki a mace. Miligiram rabi zuwa 1 ya isa, awa 4 zuwa 5 kafin lokacin da ka saba yin barci yanzu, wato kai wajen 10 zuwa 11, kana jawo shi gaba kamar yadda kake jawo tashi. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin farfaɗiya ko na tsinka jini su tambayi likita. Kwalba ba ta wuce naira 6,000.

Uwar Biyu:
Wace 6,000? Sati biyu da suka wuce 14,500 aka ce min, kuma mai 5 ne, ƙaramin ma babu shi.

Mai Kemis:
Ya danganta da kamfani da yawan ƙwayar, Hajiya. A duba lambar NAFDAC a jiki.

Babbar Yaya:
Don girman Allah yaron nan kada ka shiga kemis ka ce a ba ka maganin barci. Da wannan kalmar ƙanena ya fara. Shi ma aiki ya samu, shi ma barci ya ƙi, wani mai shago a unguwarsu ya yanko masa diazepam guda goma ba takardar likita, ya ce ɗaya kullum. Satin farko har yabon maganin yake. Wata guda ɗaya ba ta yi masa, ya koma biyu. Da safe sai mahaifiyarmu ta yi ta buga ƙofa, ya fito ido a kumbure, harshe na karyewa, shayi na zuba daga kofi a hannunsa. Makarar da ya sha maganin don gudunta ita ta sa aka sallame shi a wata na biyar. Da muka gane, muka ƙwace ƙwayoyin muka zuba a masai, muna ganin taimako muka yi. Kwana kaɗan ya faɗi a tsakar gida yana jijjiga, ya ciji harshensa, jini har wuyan riga. Likita ya yi mana faɗa sosai, ya ce ba a yanke wannan magani lokaci ɗaya. Wata da watanni ana rage masa kaɗan-kaɗan. Yau shekara biyu ba aiki, auren da aka sa masa rana ya watse. Mai shagon yana nan yana ciniki.

Uwar Biyu:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya ba shi lafiya, Yaya. Irin wannan ya yi yawa a unguwanni, an hana maganin tari mai kodin tun 2018 amma ƙwaya na nan kamar gyaɗa.

Mai Kemis:
Allah Ya ƙara masa lafiya. Amma a yi adalci, ba duka muka taru muka zama ɗaya ba, kuma melatonin na ambata, ba diazepam ba. Mai ƙaramin lasisin sayar da magani doka ba ta ma ba shi damar ajiye diazepam a shago ba.

Babbar Yaya:
Shi ma wancan haka yake cewa in ana hira. Mai sayarwa ba ya cikin waɗanda za su ba da shawarar a saya ko kada a saya.

Ɗan Kwari:
To ita Nas ɗin likita ce? Kowa ya zo ya zama farfesa. Ni maganar Malam na ɗauka.

Nas ɗin Dare:
Ni ba likita ba ce, kuma ban rubuta wa kowa magani ba. Abin da Yaya ta faɗa haka yake a ilimance. Diazepam yana kwana ɗaya zuwa biyu kafin rabinsa ya bar jiki, shi ya sa mai shan sa yake wuni cikin maye, kuma cikin 'yan makonni jiki yake sabawa. Wanda ya riga ya saba kada a yanke masa a gida, a kai shi asibiti. Piriton da mutane ke sha don barci shi ma yana barin nauyin kai da bushewar baki da safe, kuma bayan 'yan kwanaki yana daina sa barcin.

Akwai kuma waɗanda gyaran lokaci ba zai yi musu ba. In mutum yana cika awa 7 zuwa 8 amma kullum a gajiye yake tashi, a tambayi wanda suke kwana ɗaki ɗaya: yana minshari mai ƙarfi, numfashi ya ɗauke, ya dawo da shaƙewa? Wannan ciwo ne, yana tafiya da hawan jini da ƙiba. A auna ko akwai ƙarancin jini, a auna suga in yana yawan tashi fitsari.

Direban Tirela:
Abu ɗaya zan ƙara kan kwanan zaunen nan. In ka nace sai ka yi, washegari kada ka hau babur, kada ka riƙe sitiyari. Gyangyaɗi ba ya sallama. Mota mai gudun kilomita 100 tana cin mita 28 a daƙiƙa ɗaya, ido ya rufe daƙiƙa uku ka wuce mita 80 ba direba. Goro da wanke fuska da buɗe gilashi minti kaɗan suke saya maka.

Mai Gyaran Janareta:
Ba wanda ya tambaye shi inda yake kwana. Ɗan'uwa, in kuna kunna janareta da dare, ina yake zama? In a baranda ne ko soro ko ƙarƙashin taga, hayaƙinsa yana da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, kuma alamarta ta farko ita ce ciwon kai da jiri da kasala da safe. In duk 'yan ɗakin suna tashi da ciwon kai, ya sake su bayan sun fita waje, to ba barci ba ne. A fitar da shi fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, bututun hayaƙin ya juya wa gida baya. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu shi ma haka, yana kashewa. In zafi ne ke hana barci, wanka kafin kwanciya da fanka mai caji. Mai inci 16 wajen 45,000.

Ɗan Kwari:
45 tun yaushe? Mai kyau da ƙaramin faifan sola 70,000 zuwa sama. Ta 45 ɗin ƙarfe 2 batirinta ke mutuwa.

Ɗan Maraɗi:
Nan jika 25 na sefa ake samun ta.

Mai Gyaran Janareta:
Batirin ne ake kashewa da hannu. Galibi ƙaramin batir mai ruwan dalma ne a ciki, in ana barin sa ya ƙare ƙaf kullum ba ya shekara. A sa ta a lamba ɗaya ko biyu, a yi caji da zarar an samu wuta.

Uwar Biyu:
Ai a nan gizo ke saƙar. Da zarar an samu wuta, yaushe ke nan? Unguwarmu ƙarfe 1 na dare ake kawowa a ɗauke kafin asuba. A lokacin za a tashi a tayar da injin ruwa, a yi gugar kayan makaranta, a jona wayoyi, mai firji ya sa ƙanƙara, tela ya buɗe shago. Layi gaba ɗaya ido biyu. Sannan a zo a ce mana mu kwanta ƙarfe 10.

Ɗan Zazzau:
Ku da ake kawo muku ma. Mu taransifoma ta ƙone wata uku ke nan, an tara kuɗi gida-gida har sau biyu, takardar biya kuma ba ta fasa zuwa ba.

Ɗan Kwari:
Tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ma sai a ga baƙo. A watan Afrilu ɗaki kamar tanda, sai dai a fito da tabarma tsakar gida, sauro kuma ya ce bismillah.

Sabon Ma'aikaci:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya, maganin na bar shi, Allah Ya ba ƙanenki lafiya. Janaretan maƙwabcinmu kuwa a lungun da tagata take yake kwana, yau zan yi masa magana. Anti Nas, in na kwanta ƙarfe 2, barcin ya ƙi zuwa, in ci gaba da kwanciya ko in tashi? Kuma in an kawo wuta ƙarfe 1 ni ne mai tara ruwan gidanmu.

Uwar Biyu:
Ku wace unguwa ce? Don mu jiya ko ƙyaftawa ba su yi ba.