Sabuwar Hilux mai dizal na shan mai: abin da direbobi suka ce

Wani ya koka cewa sabuwar a-kori-kurarsa tana zuƙar dizal fiye da zatonsa. Mafi yawan direbobi sun ce ya yi haƙuri, sabon inji sai ya ci 'yan dubban kilomita kafin ya saki jiki. Sun kuma ce kada ya dogara da lissafin allon gaban mota: ya cika tanki, ya rubuta kilomita, in ya sake cikawa ya raba tafiyar da litocin da ya zuba. Wannan ce shawarar da na fi gamsuwa da ita.

Sauran kuwa sanannu ne: iskar taya, rage gudu, daina barin inji yana aiki a tsaye. Wani tsohon direba ya ƙara da duba matatar iska, musamman lokacin hunturu, don ƙura kan toshe ta.