Faifan ajiyata yana katsewa, sai ya dawo da wani suna

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ina da faifan ajiya na waje mai kebul ɗin USB, a kansa nake tara hotunan bikin mutane a shago. Ubuntu, wato wani nau'in tsarin Linux, nake amfani da shi. Ana tsaka da kwafa sai ya ɓace, can ya dawo, amma sunan da tsarin ya ba faifan ya sauya daga sdb ya koma sdc, foldar da nake kwafa a ciki kuma ta ƙi karɓar komai. Amanar mutane ce, hankalina ya tashi.

Mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara kwashe hotunan zuwa wani faifan, gyara ya biyo baya. Sauyin sunan kuwa ba alamar mutuwa ba ce. Lokacin da ya katse, tsarin yana riƙe da sdb saboda akwai fayil a buɗe, shi ya sa da ya dawo aka ba shi harafi na gaba. Foldar taka tana nan manne da faifan da babu shi. Ka rufe duk manhajar da ke taɓa ta, ka sauke faifan da umarnin umount, ka bi shi da fsck mai duba tsarin fayiloli, sannan ka sake ɗora shi da mount. Idan ka sa shi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke lissafa faifan da tsarin zai ɗora, ka kira shi da UUID ɗinsa, wato lambar shaidarsa, umarnin blkid zai nuna maka. Wannan lambar ba ta canzawa ko da harafin ya sauya.

Wata 'yar uwa: Yaya, ni wuta nake zargi. Ramin USB 2.0 miliamfa 500 yake bayarwa, na 3.0 kuma 900, faifai mai juyawa kuma yana zuƙar wuta sosai lokacin tashi. Ka kasa kunne: in kana jin ƙyas-ƙyas, yana tashi yana faɗuwa, ka sauya gajeren kebul, ka soka a ramin USB na bayan kwamfutar.

Wani ɗalibi: Buɗe dmesg -w, umarnin da ke nuna saƙonnin tsarin kai tsaye, ka sake kwafa. In ka ga uas_eh_abort_handler kafin katsewar, direban uas, manhajar da ke haɗa tsarin da faifan USB, shi ne bai jitu da gidan faifan ba. Ɗauko lambobinsa biyu, ta kamfani da ta samfuri, da umarnin lsusb, ka sa su a saitin usb-storage.quirks da harafin u a ƙarshe don tsarin ya daina amfani da uas a kansa. Zai ɗan rage gudu, amma zai zauna.

Mai gyaran kwamfuta: Gaskiya ne, amma kada a taɓa direba sai an gwada kebul. Malam, turo mana sakamakon umarnin smartctl -a mu duba lafiyar faifan kansa.