Toshewar jijiyar ƙafa: abin da muka tattaro daga zaman Damagaram

Tattaunawar da muka yi da ma'aikatan lafiya da ƴan uwan majinyata ta fi tsayawa kan mutanen da sharaɓarsu ke ɗaurewa in sun yi tafiya, ta saki in sun tsaya. Sau da yawa jijiyar jinin ƙugu ko ta cinya ce ta toshe, musamman ga masu ciwon suga da masu shan taba.

Likitoci sun bayyana cewa in toshewar ta yi tauri, siririyar wayar da ake zurawa cikin jijiyar don buɗe ta ba ta ratsa toshewar, sai ta bi ta cikin bangon jijiyar. Matsalar ita ce komawa hanyar jini bayan an wuce toshewar. Nan ne bututun komawa ke aiki: yana da ƙaramar allura mai lanƙwasa da ke huda bangon. Irin bututun da ake kira Outback ana saita shi da hoton rediyo (X-ray), wanda ake kira Pioneer Plus kuwa yana da na'urar eko a bakinsa. Daga nan a hura balan cikin jijiyar don faɗaɗa ta, wani lokaci a sa ƴar raga da za ta riƙe ta a buɗe. In jijiyar ta ƙandare da alli, allurar kan gaza.

Sau ɗaya ake amfani da bututun, ga tsada, don haka a tambayi kuɗin tun da wuri. A auna ƙoda kafin aikin, domin ruwan da ake sawa cikin jini don ɗaukar hoton na iya taɓa ta.

Abin da ya fi damuna shi ne masu gyambon yatsa da ke jira har ya yi baƙi. A duba ƙafa kullum lokacin alwala, a bar taba, kada a daina maganin hana daskarewar jini sai da izinin likita.